Harsashin Damagaram

Ranar wata Juma'a, a kakar shekarar da aka canja kuɗi zuwa naira, Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ya shigo gonarmu ta bayan Babura da abokansa, 'yar ƙaramar bindiga soke a ƙugunsa. Muna tsakiyar ɗaurin gero, ni ina jan dammuna zuwa gindin gawo, karena Duna yana biye da ni. Tun yana ɗan kwikwiyo na tsince shi a bakin burtali, na raine shi da ƙanzon tuwo. Shi ke korar mana awaki daga wake, shi ke raka ni kiwo da farautar gafiya, in na gaji na kwanta sai ya sa haɓarsa a ƙafata.

Kawu falke ne, yana kai hatsi Nijar ya komo da dabbobi, a can ya sayo bindigar. Ba irin ta maharbanmu ba ce da ake ɗura wa albarushi. Ita kana harbawa take tofar da kwanso, ta ɗora wani harsashin da kanta. Sai dai harsashinta siriri ne, na 'yan sanda ba ya shigarta, ko a Kano ba a samunsa, sai wani ya je Damagaram. Shi ya sa yake naɗe su a tsumma, ya fi nuna ta fiye da harba ta.

Wani abokinsa, Ɗan'azumi, ya yi ta tsokanarsa: "Sale, wannan ai abin wasan yara ne, ko zabo ba za ta kayar ba." Kawu ya waiga, idonsa ya faɗa kan Duna, wanda ke zaune yana kaɗa masa bindi. Kafin in buɗe baki na ji ƙara. Harsashin ya same shi a kwankwaso, ya riƙa jan ƙafafunsa na baya yana kuka, ya nufo ni.

Babana ya ce, "Sale, tunda ka yi, ƙarasa shi, kada ya wahala." Kawu ya hura bakin bindigar ya ce, "Yaya, daga Damagaram fa ake kawo shi. Ba zan ɓata biyu a kan kare ba." Ya duƙa ya ɗauki kwanson ya miƙo mini: "Ungo, ɗana, ka yi usur da shi." Abokansa suka yi dariya, suka wuce masallaci. Na ja Duna inuwa, ina ɗiga masa ruwa daga gora. Bai cika ba sai bayan la'asar.

Yanzu gidaje sun cinye gonar, Kawu ya daɗe da rasuwa, bindigar kuma ta yi tsatsa a akwati don ba a ƙara samo mata harsashi ba. Jikokina kan roƙe ni in bar su su riƙe ɗan kwikwiyo, in ce musu a bari sai baɗi. Har yau ban iya gaya musu dalili ba.