Na je Safana in ji masu ambaton likita

Muna idar da sallar asuba muka shirya, amma ba mu bar Wagini ba sai da gari ya waye sarai, don yanzu ba mai hawa hanyar nan da duhu. Ni da jikana ne, wanda ke koyarwa a Batsari. Abin da ya fitar da ni kuwa idona ne na hagu, yanar ido ta rufe shi. Shi kaɗai ya rage mini. Na dama wani mai cire yana da tsinke ya kashe shi tuntuni, mutumin da a lokacin ko'ina ka shiga sunansa ake kira.

To da jikana ya zo da labarin wani likitan ido zai sauka Safana, na ce da me ya fi wancan? Ya ce ai wannan rubuce-rubuce yake yi kan ciwon ido, likitocin duniya kuma in za su rubuta nasu sai su ce "kamar yadda wane ya faɗa". Akwai masu ƙirga ambaton nan, nasa ya yi yawa. Na ce maigida, a unguwarmu ba wadda ake ambata kamar mai akuyar nan da ke cinye wa mutane wake. Ni sai na ji abin da suke cewa in sun ambace shi.

Mashin ya kai mu Batsari. Ban ga hanya ba, amma ƙuguna ya san kowane rami. Ƙamshin gero sabon yanka ke ta dukan hancina, jakai na wuce mu da dammuna. A tasha na sha koko da ƙosai. Ƙosan yanzu sai ka haɗa uku kafin bakinka ya san an zo, kuɗin mota kuma ya ninka na bara. Aka cusa mu gaba mu biyu, buhun barkono a baya, muka yi ta atishawa har Safana.

A asibitin na tarar da layi ƙarƙashin dalbejiya. Kusa da ni wata Bafulatana ce daga Babban Duhu, an yi mata aikin bara, ta kawo ƙanwarta. Na miƙa mata gefen zanena na ce wane launi ne? Ta ce shuɗi ne, kuma ya koɗe. Ban ji daɗin ƙarshen maganar ba, amma na tabbata tana gani.

Da aka shigar da ni, kafin ya taɓa ni na ce, "Likita, an ce ana yawan ambatonka. Da alheri ne?"

Ya yi dariya har kujerarsa ta yi ƙara. "Inna, ba duka ba. Akwai rubutuna da aka fi ambata, wasu don su ce na yi kuskure a wani wuri. Sun gwada a kan nasu majinyatan suka ga ba haka ba ne."

"To ka yi fushi?"

"Na yi, na kwana biyu. Daga baya na duba na ga da gaskiyarsu, na gyara."

"Masu ƙirgar suna ware na yabo da na suka?"

"Galibi a'a. Duk ɗaya suke sa shi."

Ni da ake taruwa a tsakar gidana ana sauraron tatsuniya, na san mai maimaita maganarka ba lallai masoyinka ba ne. Amma wancan mai tsinken, da idona ya mutu cewa ya yi iska ce ta shige ni. Ban taɓa jin mai magani ya ce an kama shi da kuskure ya gyara ba. Na ce, "Ɗan nan, ga idon. Shi ke nan gare ni, ka riƙe amana."

A ranar aka yi mini aikin, muka kwana gidan wani malami abokin jikana, matarsa ta yi mana damben zogale. Washegari aka cire auduga. Abin da na fara gani kan jikana ne, ashe har ya fara sanƙo ba wanda ya gaya mini. Na ce lallai zan sake miji.

A hanyar dawowa ban bar tagar mota ba. Na ga ramukan da suka karya mini ƙugu, na ga an yi wa masallacin tasha sabon rufi. Da muka iso gida na zauna na tsince wake da kaina, jikoki suka kewaye ni suna kallo.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, yawan ambato yana nuna an saurari mutum, amma sai ka tambaya me aka ce, shi kuma me ya yi da ya ji. Na ce wa jikana ya faɗa wa masu ƙirgar su ƙara ɗaya, don na ambaci likitan a gidan suna da bakin rijiya. Ya ce na baki ba ya shiga, sai wanda aka rubuta. Na ce to ɗauko biro, zauna.