Hannun Tsahara Mai Zaɓen Albasa

Ni Basira ban taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma na yi shekara talatin da ɗoriya bisa tabarma guda da Tsahara, muna zaɓen albasa a tashar Galmi. Wanda ya ce ya fi ni saninta, ya zo in ga idonshi.

'Yar Dogarawa ce, gajera, mai faɗin kafaɗa. Mijinta ya rasu tana goyon autanta Ishaku, da albasa ta reni ɗiyanta su biyar. Aikinmu shi ne a zazzage buhu gabanmu, mu ware manya, mu ware matsakaita, mu fid da ruɓaɓɓu kafin a loda wa motocin Abijan da Kwatano. Mu da ido muke duba. Ita da hannu take gani. Sai ta ɗauki albasa ja jawur mai sheƙi, ta ɗan danna wuyanta da babban yatsa, ta wurgar. Mai kaya ya daka tsalle: "Haba Inna, wagga lafiyarta lau!" Ta ce, "Yanka ka gani, ɗana." A yanka, ciki fanko.

Hannun nan ne ya gano mata ciwon. Shekara biyu bayan farin ɗango sun cinye mana gonaki, tana wanka ta ji ƙullutu a nonon hagu. Ta ce mini, "Basira, matsakaiciya ce, irin ta buhun Kwatano."

Ishaku, da yake ya zama direba, ya kai ta Yamai. A asibiti lokotoro, wato likita, ya ɗebi tsoka kaɗan anka auna, anka ce ciwon daji ne, amma irin wanda ke samun abinci daga jinin mace. Ya ba ta ƙwaya, guda kullum har wata shida, don a sa wa abin yunwa. In ya motse, a cire ƙullutun kaɗai. In ya ƙi, nonon duka.

Na ce mata, "Ke tsohuwa, wa za ki shayar kuma? Su ɗauka mana, ki huta."

Ta ce, "Ɗiya biyar sunka sha shi. Da shi nake so a yi mini wankan ƙarshe. Ke da naki sunka koma silifa, ina za ki san zafin?"

Ta sha ƙwayarta ba fashi, zufa na karyo mata ko da sanyi. Kowace Juma'a ta taɓa wurin, ta ci gaba da zaɓe. Da wata shida ya cika, lokotoro ya lalluba, ya girgiza kai, ya ce abin bai ragu yadda yake so ba, ya sa ranar aikin cire nonon duka nan da kwana goma.

Tsahara ta ce, "Likita, girman na nan, amma cikin ya mutu. Ɓawo kake taɓawa."

Ya yi dariya, amma mutumin kirki ne. Ya ce hannu ba ya ganin ciki, sai dai akwai wani inji a Najeriya, MRI suke ce mishi, mai raba abin da ke da rai da abin da ya mutu. Ya rubuta takarda, in ta kawo hoton kafin ranar, zai duba.

Ni na raka ta. Munka tsallaka ta Konni, kwana biyu muna hanya. A asibitin da injin yake, wata ma'aikaciya ta ce injin mayen ƙarfe ne, kada a shiga da ko allura. Anka cire 'yan kunne, anka cire layu, har kwalli anka sa ta wanke. Saura munduwa. Uwarta ta sa mata ita ranar aure, tun hannu na sirit, yau shekara arba'in ba ta fita ba. Sabulu ya kasa. Ma'aikaciyar ta ce in azahar ta yi layi ya wuce mu, sai wata mai zuwa.

Na ce, "Ɗiyata, jira ni." Na fita bakin ƙofa wurin mai tuwo, na karɓo miyar kuɓewa a leda, na lafta wa hannun tun daga gwiwa. Ja guda, munduwa ta sulɓe ta faɗi ƙasa. Ma'aikaciyar ta toshe hanci tana dariya: "Mama, kun mai da mana asibiti gidan suna!"

Anka yi wa Tsahara allura, anka kwantar da ita rub da ciki, anka tura ta cikin injin, kamar rumbu a kwance. Da ta fito na tambaye ta ko ta ji tsoro. Ta ce, "Tsoron mi? Ƙararshi kamar mata goma na lugude, sai dai ba su iya ba."

A Yamai lokotoro ya ɗaga hoton ya daɗe yana kallo. Wurin da ke da rai yana haske, bai kai goro ba. Sauran duk tabo. Ya cire tabarau ya ce, "Inna, wa ya koya miki?"

Ta ce, "Albasa."

Ƙullutun kaɗai anka cire. Nononta na nan, ya ɗan lotsa gefe guda, ƙwaya kuma an ce ta ci gaba da sha. Munduwar ta koma hannu, da kuɓewa ita ma.

Da kakar albasa ta zo, ta cika buhu da hannunta ta ba Ishaku ya kai wa lokotoro. Duka lafiyayyu, sai guda ɗaya fanko da ta cusa tsakiya. Ta ce a faɗa mishi ya nemo ta ba tare da wuƙa ba.