Buhu Uku da Aka So Ba Masu Ƙosai

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Lawal, ma'aikacin ɗakin karatu na wata kwaleji a nan Kaduna. Allah Ya jiƙansa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, don sai bana aka wanke shi daga zargi.

Ina sakandare aka yi wa ɗakin karatun kwaskwarima. Sabon shugaba ya tarar da buhu uku na tsofaffin rubuce-rubucen hannu, ajami da Larabci, a barkatai, ba bango ba lambar shafi. Ya ce a ba masu ƙosai na bakin ƙofa. Baba ya bari aka tashi aiki, ya loda su a tasi sai gidanmu a Malali. Washegari aka miƙa masa takardar tuhuma, wai ya saci kayan gwamnati. Kayan naɗe ƙosai fa! Har ya yi ritaya bai ƙara ganin ƙarin girma ba, ni kuma a unguwa na zama 'yar ɓarawon takarda. Na ji haushinsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Shi ko a jikinsa. Kullum bayan la'asar sai ya baje su a tabarma. Marubutan dā, in sun cika shafi, sukan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a can ƙasa. Da ita yake bin sawu, ɗaya bayan ɗaya. "Hajara, kashe fankar nan," yakan ce, "kar ta watsa min takardu, zufa ba ta kisa." A haka ya haɗa littattafan, ya sa aka ɗinka wa kowanne jakar fata, ya mayar wa kwalejin. Ko sannu ba a ce masa ba.

Yau masu bincike daga nesa suke zuwa, su yi layi, ana ɗaukar hoton kowane shafi. Da yana nan, na san sai ya fara yi musu faɗa kan yadda suke juya takarda, sannan ya koma gefe yana murmushi.

Bana aka rubuta sunansa a ƙofar ɗakin. Shugabar yanzu ta ce, "Hajiya, ko akwai wani abu nasa da za mu adana?" Ina jin tabarau take tsammani, ko carbi. Na buɗe jaka na ba ta takardar tuhumar nan.

Tana cikin gilashi yanzu, kusa da littafin farko da ya haɗa. Duk wanda ya shigo, ita yake fara karantawa.