Gaisuwar Kawu da Agogon Akanta

Ban taɓa mantawa da ranar da na ba Kawu Ilyasu dariya har hularsa ta faɗi cikin buhun kuka ba, domin ita ce dariya mafi tsada da aka taɓa yi a unguwar Ain Khaled ta birnin Doha. Ku da za ku gaje ni aikin hutu a shagon nan bana, gara ku ji daga bakina kafin Kawu ya ba ku nasa labarin, wanda a cikinsa ni ne Iblis.

Shagon kun san shi: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, man ja, duk abin da ɗan Najeriya ke mafarki da shi in shinkafar Larabawa ta ishe shi. Abin da ba ku sani ba shi ne masu shagon biyu ne. Akwai kafil, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, akwai kuma Kawu. Kason Kawu, da yake baƙo ne, ana biya masa haraji, kuma duk shekara akanta ke haɗa lissafi ya tura wa hukuma. Akantanmu Ustaz Bashir ne, mutumin Sudan, dogo kamar fitilar kan titi, yana aiki a wani ƙaramin kamfanin akantoci.

Farkon bara Ustaz ya zo da wani tayi. Larabcin Kawu na salla ne da na ciniki, Turancinsa kuma na filin jirgi, saboda haka ni ne tafinta. Ustaz ya ce akwai inshorar da ƙananan shaguna ke yi: ka biya ɗan wani abu duk shekara, in hukumar haraji ta buɗe bincike a kanka, inshorar ce za ta biya ladan aikin akanta. Ba za ta biya maka haraji ba, ba za ta biya tara ba. Aikin akanta kawai.

Kawu ya ce, "Sadiku, me yake cewa?"

Na ce, "Kawu, wai ka biya wanzami kuɗin askin gashin da bai fito ba."

Kawu kuwa sanƙonsa har ƙeya. Nan hula ta faɗi. Ustaz ya ci gaba da bayani cewa akwai irin ta takaful, wadda ake tara kuɗi don taimakon juna, in Kawu yana tsoron haram ne. Ban fassara wannan ba, ina can ina jin daɗin kaina. Kawu ya share hawaye ya ce, "Ce masa khalas, magana ta ƙare. Ni ban cuci kowa ba, me za a bincika?"

A lokacin Kawu yana tara kuɗin jirgi. Kaka, mahaifiyarsu shi da Ummana, tana Zariya, idonta yana ta dusashewa, kuma ta aiko cewa tana so ta ga fuskarsa tun tana iya gani. Ya yi mata alkawarin Disamba.

Cikin Yuli, lokacin da zafin Doha ke iya dafa ƙwai a aljihun mutum, saƙo ya shigo daga hukuma. Ba su ce mun yi laifi ba. Sun dai ga kayan da muka shigo da su sun fi waɗanda muka sayar yawa, suna so a yi musu bayanin inda sauran suka tafi.

Ni na san inda suka tafi. Gyara ce. Ɗalibi ya sayi kuka rabin kilo, Kawu ya ƙara masa cikin hannu biyu. Anti Rifkatu, nas ɗin nan 'yar Jos, ta sayi man ja, a cusa mata daddawa a leda a ce ta gaida yara. Wanda kuɗin tallafin karatunsa ya makara kuwa, da buhu yake fita. Na'urar ciniki ba ta san gyara ba. Abin da aka biya kawai take rubutawa.

Ga abin da ya kamata ku gane. Kuɗin da ake biyan akanta duk shekara na haɗa lissafi ne. Aikin bincike daban ne, kuma da awa ake cajinsa. Daga sa'ar da Ustaz ya zauna a shagon ya buɗe kwamfutarsa, agogon kamfaninsu ya fara tafiya. An faɗa mana wannan tun ranar farko. Na fassara daidai kuwa, wallahi. Amma Kawu bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai duniyar da gaisuwa ke shiga cikin aiki ba.

Ustaz zai zauna, Kawu ya ja kujera. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya zafi, yaya mutanen gida, an samu labarinsu kuwa? Shi kuma mutumin Sudan, kun san su, ba a fin su gaisuwa. Sai ya rama. Kafin su gama, ni har gemuna ya fara fitowa. Sannan shayi. Sannan a shiga aiki, Ustaz ya tambayi ina buhu ɗaya na garin kuka ya shiga, Kawu ya fara daga ranar da aka haifi ɗalibin da ya ba.

A mako na uku Ustaz ya kira ni gefe wajen firiza. Ya ce, "Ya waladi, ɗana, kawunka mutumin kirki ne, shi ya sa nake jin nauyi. Na rage abin da zan iya ragewa, amma kamfanin ba nawa ba ne. Ka ce masa ya riƙa gaishe ni a waje kafin in shigo. A waje kyauta nake."

Da na faɗa wa Kawu, ya gyara zaman hularsa. Sai ya ce, "Wato in bar baƙo tsaye a rana?" Washegari ya tare shi a bakin ƙofa, suka gaisa suna zufa, cikin minti biyu suka ce yalla, mu shiga.

Binciken ya kai Oktoba. Hukuma ta karɓi bayanin, ba tara, ba ƙarin haraji, sai shawarar mu riƙa shigar da gyara cikin na'ura. Kawu ya fita fes. Sai takardar kamfanin akanta ta iso, ta cinye kuɗin jirgi har da na tsaraba.

Wata Juma'a da la'asar muna tafiya a Corniche, titin bakin teku, na gaya masa maganar takaful da ban fassara ba. Na shirya wa rankwashi. Ya ce, "Ko ka fassara da ban saya ba. A zatona mai laifi ne ke bukatar irin wannan abu. Ban san cewa mai gaskiya ma sai ya biya kafin a tabbatar da gaskiyarsa ba." Muka ɗan taka, sai ya rankwashe ni duk da haka.

In kun tambaye ni, ba kowane shago ne sai ya yi wannan inshora ba. Wanda lissafinsa ke tsaf, kuma yana da ajiyar da in an taɓa ta ba wanda zai yi kuka, yana iya haƙura da ita. Wanda zai yi kuma, ya tambayi abin da take biya da abin da ba ta biya tun kafin ya sa hannu. Amma shago irin namu, da ajiyarsa kaf alkawari ce da aka yi wa tsohuwa, ɗan abin da ake biya a shekara bai kai nauyin abin da muka rasa ba.

Kawu ya yi inshorar takaful ɗin a Janairu. Har yau ba a sake bincikarmu ba, kuma kullum sai ya yi mita a kan kuɗin. Gyara tana nan, sai dai yanzu akwai maɓallinta a na'ura, ku kuma za ku riƙa danna shi.

Bai je Disamba ba. Da ƙaramar salla ya samu tafiya. Kafin nan idon Kaka ya rufe, da murya ta gane shi. Umma ta ce gaisuwarsu ta fi awa guda, kuma ba wanda ya duba agogo.