Faifan Malam da Tokar Inna

Wata Laraba da hantsi, a daminar farko bayan sojoji sun koma bariki, wutar lantarki ta fizge ni ta yar a tsakar gidanmu na Ƙofar Guga. Kaji suka watse, ƙanwata ta saki taɓarya ta kwarma ihu. Ni kuwa ina zaune cikin taɓo, amma idona na kan 'yar fitilar da ta kama a jikin injina. Shekarata goma sha uku, na riga na kashe rediyo biyu da agogon bango, shi ya sa ake kirana Injiniya, ba don yabo ba.

Duk wahalar nan saboda faifai guda ce. Bayan rasuwar kakana Malam, Baffa ya zo daga Kaduna da faifan sidi, ya ce an juye muryar Malam daga wani tsohon kaset, nasihar da ya yi wa iyali ranar sunana. Kaset ɗin ya tsinke, faifan kaɗai ya rage, kuma duk layinmu babu mai abin kunna shi. Kakata Hajjo, wadda muke kira Inna, ta naɗe shi a ɗankwali ta ɓoye cikin jeren tasoshinta. Kullum sai ta tsokane ni: "Kai mijin banza, ɓarna ka iya, gyara ya gagare ka."

Ana haka aka share ofishin su Baba don sababbin shugabanni, aka jibge matattun kwamfutoci bayan katanga. Na kwaso abin da baro zai ɗauka. A ciki na zaro aljihun faifai mai maɓallin kunnawa, da akwatin da ke ba shi wuta. Wani mai gyaran rediyo a Ƙofar Sauri ya nuna mini yadda ake haɗa koriyar waya da baƙa don akwatin ya tashi ba tare da kwamfuta ba. Lasifika kuwa daga gawar rediyon Baba na ciro. Mako uku ina fama, tsakanin ɗebo ruwa da yankan ciyawar tumaki, na cusa komai cikin kwalin sabulu.

Da fitilar ta kama, Inna ta fito da faifan da hannu biyu. Ina juya shi gabana ya faɗi. Ya yi dishi-dishi, duk zane ne kamar gindin tukunya. Ta ce da alfahari, "Kowace Juma'a nika goge shi da toka tare da tasoshina. Kayan Malam ba su zama da dauɗa." Yadda take girmama duk abin da take so ke nan, ta dirje shi har ya yi ƙyalli.

Na saka shi ba tare da sa rai ba. Injin ya yi ta gurnani, har Baba ya juya zai tafi. Sai muka ji tari. Tarin Malam, wanda yake yi kafin ya shigo gida. Tsigar jikina ta tashi, ƙanwata ta ruga ɗaki. Inna ta ja mayafi ta rufe kai, ta durƙusa.

"Ina Hajjo? Ku ce ta matso kusa," in ji muryar. Sai ta sarƙe, ta koma kan tarin, ta sake faɗa. Toka ta cinye sauran nasihar gaba ɗaya. Inna ta ja gwiwa har gaban kwalin sabulu ta ce, "Ga ni, Malam." Ranar na fara ganin hawayen Baba.

Yau wayata cike take da muryoyin mutane, ina gogewa ban ma saurara ba. Faifan yana nan wurina, na kai shi wurin gwanaye, ba su ƙara ko kalma ɗaya ba. Har Inna ta koma ga Allah tana cewa injin mijinta na banza, wato ni, shi ne ya kasa, ban taɓa ambata mata toka ba. Cikin duk ɓarnar da aka ɗora mini, ita kaɗai ce ban yi ba, kuma ita kaɗai ce ban taɓa musantawa ba.