Malam Nata'ala, Mai Auna Kalma Kafin Ya Haɗa

Shekara da shekaru, da an idar da sallar asuba Malam Nata'ala yake zama a soronsa na Goron Dutse ya buɗe kwamfuta, ba ya ɗagowa sai azahar. Maƙwabta sun daɗe suna yi masa kallon ɗan damfara. Mutum ba shago, ba ofis, amma kullum ana ɗora tukunya? Har gaban mai unguwa Isyaku aka kai maganar a tashe shi daga layin.

Aikinsa kuwa rubuta kanel ne, wato jigon manhajar da ke tafiyar da na'ura, da yaren asambili, inda komai sai an gaya wa inji dalla-dalla. Ko kalma biyu zai haɗa, sai ya bi ta farko har inda sifili ya nuna ƙarshenta, sannan ya kwaso haruffan ta biyu ɗai-ɗai ya jera. A wajen zargi kuma ya dame maƙwabtan ya shanye. Ba ya yarda da kalmar da bai auna tsawonta ba, don in ta fi gurbinta sai ta malala ta ɓata na kusa, na'ura ta sume.

Malama Jamila, ma'aikaciyar jinya, ita ta wanke shi a gaban mai unguwa. Ta ce firjin allurar rigakafin asibitinsu da aikinsa yake tafiya. In sanyi ya ragu, sai ya haɗa sunan asibiti da gargaɗi ya tura wayarta. Masu ƙera firjin sun so a cire awon tsawon kalma, wai suna ba ya tsawo. Malam ya ƙi, ya ce, "A Kano? Inda ko sunan asibiti sai an sa Alhaji, da uba, da kaka, da unguwa?" Ranar da firjin ya tsaya, saƙo ya iso, awon ya datse sunan da ya fi gurbinsa: suna a gutsure, gargaɗi cikakke. Allurar jariran unguwa ta tsira.

Malam, kai ne mai zargin da ya amfane mu, kuma wallahi abin da aka yi maka ya yi mini ciwo. Yanzu da ciwon ido ya sa ka ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa, ku koyi awo a wurinsa.

Da mai unguwa Isyaku ya je ba shi haƙuri a madadin maƙwabta, Malam ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Na yafe. Amma ai da kun tambaye ni, da na nuna muku."