Ranar da Muka Cinye Tsohon Coci

Ko hankalina zai gushe, ba zan manta da wannan ba. Shekarar da ruwa ya tafi da gadar garinmu ce, jikata ta fari tana goye, aka gama mana babbar majami'a a nan gefen Malumfashi. To, gini ne mai ban dariya. Ba mu da wani fili, sai aka tayar da sabuwar ta kewaye tsohuwar. Damina guda muna sujada a coci cikin coci.

Da aka sa wa sabuwar kwanon rufi, maza suka rushe ta cikin. Wannan ginin ƙasa, iyayenmu mata ne suka kwaɓa shi da ƙafafunsu, ni ina budurwa ina ɗauko musu ruwa. Sai na ji wai shugaban kwamitin gini ya kira tifa, za a kwashe ƙasar a cike kududdufi. Shugaban nan kuwa ƙanin mijina ne, wanda na sha yi wa wanka.

Na ɗaura ɗankwalin Zumuntar Mata, na haye tarin ƙasar na zauna.

Ya ce, "Matar yaya, sauko, kada a kwashe da ke."

Na ce, "A kwashe. Ka gaya wa yayanka a kududdufi ka zubar masa da mata."

"To, jiƙa ta za ki yi ki sha?"

"Ci zan yi. Kai ma sai ka ci."

Direba ya yi dariya har ya kashe mota. Kafin rana ta take, mata sun cika wurin da kwanduna. Manomi kowa ya san ƙasar tsohon gini taki ce, su dai 'yan kwamitin gaggawa ta rufe musu ido. Fasto ya zo ya dube mu, ya ce tunda tifar ta riga ta zo, a juya ta gonar Zumunta, wadda muke ciyar da marayu da ita.

Masarar da aka yi a gonar da daminar da ta biyo, wayyo! Da ita muka tuƙa tuwon bikin buɗe majami'a. Na zuba wa ƙanin mijina malmala uku, na tsaya a kansa har ya suɗe kwano.

Na ce, "Yaya ka ji tsohon coci?"

Ya ce, "Matar yaya, akwai ƙari?"

Yau majami'ar tana da makaranta da ɗakin shan magani, yara suna tsammanin haka ta sauko daga sama. Ni abin da na koya shi ne, in abu ya tsufa, kafin a zubar a tambaya ko zai ciyar da wani. Cikin waɗanda suka ɗauki kwando ranar, saura ni da mai buga mana tulu a waƙa. Ƙanin mijina ma yana nan, haƙoransa sun ƙare, tuwo dai bai daina ba.